Abin da baƙo yake gani a Kigali

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Amma a sha'anin shara, baƙo ne mai gani. Ɗan gari ya saba da jujin ƙofar gidansa, har ya daina jin warinsa.

Ɗan Nijar da aiki ko karatu ya zaunar da shi a Kigali, babban birnin Ruwanda, titi yake fara dubawa. Sai ya yi tafiya mai nisa bai ga leda tana yawo ba. Tun 2008 ƙasar ta hana leda. Ko a filin jirgi, in an gan ta cikin kayan matafiyi, ana karɓe ta. A kanti, cikin jakar takarda ake ba mutum kayansa.

In ya daɗe kaɗan, zai ga abin da suke kira umuganda. Asabar ta ƙarshe ta kowane wata, da safe, ana rufe kantuna, motoci su tsaya. Daga mai shekara 18 zuwa mai 65, kowa ya fito. A share titi, a yashe magudanun ruwa. Wanda ya ƙi fita ana iya cin sa tara. Ruwanda ba ƙasar masu kuɗi ba ce. A 1994 ta ga kisan ƙare dangi. Duk da haka ta share gidanta.

Ranar da wannan baƙo ya dawo gida, me zai tarar wurinmu? Baƙar leda ta rataye a kan ƙaya kamar hankaki. Mu ma muna da doka: a 2014 Nijar ta hana shigowa da leda da sayar da ita. Amma har yau da ita muke ƙunsa ƙosai da tumatir. Doka ba ta riƙe tsintsiya.

Hasarar kuwa tamu ce. Akuya ta ci leda, ta rame, ta mutu. Mahauta sun san abin da suke cirowa daga tumbi. Manomi ya kai takin juji gona, leda ta bi shi, ta hana ruwa shiga ƙasa. Da damina leda ta toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya yi gida. Inda ƙazanta ta gamu da ruwan sha, cutar amai da zawo ba ta nisa. Jihar Maraɗi ta sha wuyarta a 2018 da 2021.

Wani zai ce kwasar shara aikin magajin gari ne. Gaskiya ne, kuma mu tambaye shi amalanke da wurin zubarwa. Amma ba shi ke jefa leda a ƙofarmu ba. Aikin gayya ma ba sai mun koyo shi daga Kigali ba, gadonmu ne.

Saboda haka mu tafi kasuwa da kwando ko kwano. Mu tsince leda daga taki kafin mu kai gona. Kada mu ƙona ta kusa da yara, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Kowace unguwa ta tsaida rana guda a wata, tare da mai unguwa da liman, maza da mata, a yashe magudana kafin ruwan farko ya sauka.