Hose na Sifaniya, Yusufa na Garwa

Tsakanin 2010 da 2012, lokacin da José Mourinho ke horar da Real Madrid, Josep Guardiola kuma yana Barcelona, samarin Garwa sun sha tayar da jijiyar wuya a gidajen kallon ƙwallo. Kaɗan ne suka lura cewa takwarorin juna suke wa gardama. Dukansu Yusufu ne, ɗaya a bakin mutanen Fotugal, ɗaya a bakin Kataloniyawa.

Asalin sunan Ibrananci ne, Yosef, wato Allah ya ƙaro. Attaura ta ce Rahila, matar Annabi Yakubu, ta daɗe ba ta haihu ba, da ta sami ɗa sai ta roƙi ƙari. Duk matar da ta taɓa zaman jiran haihuwa a gidan kishiya ta san nauyin wannan addu'a.

A Sifaniya ana cewa Hose, kuma har yau yana sahun Antonio da Manuel cikin sunayen da maza suka fi ɗauka. Su dai albarkacin Yusufu kafinta, mijin Maryamu, suke nema, shi ya sa 19 ga Maris, ranar tunawa da shi, ta zama ranar iyaye maza. Amma yayinsa ya wuce a can, jariran yanzu su Hugo ne da Mateo.

Mu a nan bai tsufa ba. Surar Yusufu ce ta 12 a Alƙur'ani, ayoyi 111, kuma muddin ana wanke allo za a ci gaba da raɗa shi. Bafillace ya ce Yusufa, magatakardan magajin gari ya rubuta Youssoufa a takardar haihuwa, a Nijar ya koma Issoufou. Kanawa ma har alkunya suka yi masa, Maitama, kamar ta marigayi Ɗan Masanin Kano.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mai da suna katanga. Mai gidan haya ya ji "Joseph" sai fuskarsa ta canza, wani kuma a kudu ya ga "Youssoufa" a takardar neman aiki sai ya tura ta ƙasan tebur. Alhali shi kansa Yusufu kafinta sunan Annabi Yusufu ɗan Yakubu ya ci.

Malamai da fastocin Garwa, ku riƙa faɗa wa mabiyanku wannan a ranar suna.