Gwiwa ba ta san ranar gasa ba

Jama'a, duk mai zama gidan kallon ƙwallo ya saba jin an ce wane ya tsinke jijiyar gwiwa, an yi masa aiki. Tambayar farko da kowa ke yi ita ce: yaushe zai dawo? A ganina ba koci ba ne ya kamata ya ba da amsa, ba kuma Alhajin da ke ɗaukar nauyin kulob ba. Gwiwar ce za ta faɗa, idan an gwada ta.

Jijiyar da ake magana tana can tsakiyar gwiwa, ita ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri don kada su goce lokacin da mutum ya juya da gudu. Idan ta tsinke, galibi ba ɗinke ta ake yi ba. Likita kan yanko wata jijiya daga jikin mutumin, daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya dasa a gurbinta. Dashen yana ɗaukar watanni kafin ya kama ƙashi ya yi ƙwari. Matsalar ita ce ciwo da kumburi suna gushewa tun kafin nan. Yaro ya ga yana tafiya ba ɗingishi, sai ya ɗauka ya warke.

A shekarar 2016 likitoci daga Norwe da Amurka sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan ƴan wasa 106 da aka yi wa wannan aiki. Sun gano cewa kowane wata guda da aka ƙara jira, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. A wannan shekarar kuma asibitin Aspetar na ƙasar Katar ya duba ƙwararrun ƴan wasa 158. Waɗanda suka koma fili ba tare da sun ci gwajin sallama ba, jijiyarsu ta fi sake tsinkewa har ninki 4.

Gwajin ba wani abin ɓoye ba ne. Ana auna ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki, a ga ko ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin mai lafiyar. Ana sa mutum ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, a auna nisan, a duba yadda yake dira. Ana kuma tambayarsa ko har yanzu yana jin tsoron ƙafar, domin mai tsoro ba ya taka ƙasa daidai.

Ku tuna da Virgil van Dijk na Liverpool. Ya ji wannan rauni a watan Oktoba na 2020 a wasansu da Everton. Da gasar ƙasashen Turai ta matso a 2021, shi ne kyaftin ɗin Holan, amma ya ce ba zai je ba. Sai a watan Agusta ya koma wasan lig, bayan kusan wata 10, ya kuma ci gaba da taka leda shekaru bayan haka. Ga shi da likitoci da kuɗi, duk da haka ya jira.

To, ina ga yaronmu na unguwa da ke buga ƙwallo a filin tsakuwa, ko ɗan kokowa da ke ɗaukar ƙato a kan ƙafa ɗaya? Na san abin da za a ce: gasa ba ta jira, mai neman ƴan wasa sau ɗaya yake zuwa, kuma kuɗin aikin ma da ƙyar aka haɗa. Gaskiya ne. Amma wanda ya sha wuya kafin ya biya aiki na farko, shi ya fi kowa buƙatar kada a kai ga na biyu. Babu ɗan kasuwar da zai yi wa mota lodin tan 30 ya nufi iyaka alhali makaniki bai ce ta gama gyaruwa ba.

Kirana ga ƴan kasuwa masu taimakon kulob-kulob da iyayen yara shi ne: idan kun biya kuɗin aiki, ku ware na gashi da motsa jiki a asibiti, domin shi ne rabin magani. Kada a sa yaro wasa kafin wata 9, bayan nan ma sai likita ya gwada ya amince. Kada kuma a yanke masa ɗan abin da ake ba shi don yana zaune a benci, domin yunwa ce ke mai da da yawa fili ba lokaci ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.