Lamba Tara: Ɗalibi Ne Ko Sojan Haya?

A ƙarshen makon jiya na je Kuberi ɗaurin auren ɗan wani abokina. Bayan sallar La'asar, ina jiran motar da za ta mai da ni Jega, sai na raɓa wata majalisar samari a gindin dogon yaro, na tarar musu ya yi zafi har ana nuna juna da yatsa. Abin da ya haɗa su shi ne wasan ƙarshe na wata gasar makarantun sakandare da aka buga a yankin, inda mai lamba tara ya ci ƙwallo biyu, makarantarsa ta ɗauki kofi. Ɓangare ɗaya na rantsuwa cewa yaron ɗan kabu-kabu ne mai mata da ɗiya, rabonsa da aji an fi shekara biyar. Ɗaya ɓangaren na cewa hassada ce kawai, ai har a rediyo an yabe shi a matsayin ɗalibi mai hazaƙa.

Da suka ji an kira ni Dakta, sai wani ya juyo ya ce, “Malam, raba muna gardama.” Na ce ban san yaron ba, amma ina da tambaya: a cikinku wa ya ga sunansa a rajistar aji? Aka yi shiru. Can sai ɗaya daga masu kare shi ya ce, “To ko da ba ɗalibi ba ne, su bara ba biyu suka sa ba?” Wani daga masu zargi kuma ya ce wakilin da ya kawo labarin a rediyo a motar masu shirya gasar ya zo, a cikinta ya koma, saboda haka maganarsa ba ta isa hujja ba.

Har muka iso Jega waɗannan amsoshi biyu suna yi mini yawo a zuciya, domin a cikinsu na ga dukan matsalar. Mai goyon baya ba ya ƙin maguɗi sai idan shi aka yi wa, wanda kuma ya kamata ya tsaya a tsakiya ya kawo shaida, wato ɗan jarida, jama'a sun daina yarda da shi.

Ba zan ɗora wa samarin Kuberi laifin da manyansu suka koya musu ba. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu, bayan an gano cewa ranakun haihuwar da wasu 'yan wasa uku suka bayar a wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa wa waɗanda suka bayar a gasannin baya. Wannan ne ya sa aka karɓe mana damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, aka ba ƙasar Fotugal. Shekara ashirin bayan haka, a 2009, lokacin da aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a filayenmu, ciki har da Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Hikimar ita ce, akwai wata gaɓa a ƙashin da ba ta gama haɗewa sai yaro ya ƙare girma, idan aka ga ta haɗe ɗungurungum to da wuya ƙwarai mai ita ya zama ɗan ƙasa da 17. Masu ɗori na Aliero ba za su yi mamakin wannan ba, sun daɗe da sanin cewa ƙashin yaro daban, na babba daban. A 2016 aka yi wa 'yan wasanmu wannan gwaji gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, 26 suka faɗi, aka haɗa tawaga cikin gaggawa, Nijar ta fitar da mu, alhali mu ne muke riƙe da kofin duniya na 2015.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi shi ne yadda muke karɓar mai tona asiri. Ana tsakiyar gasar 2009 Adokiye Amiesimaka ya rubuta a shafinsa na jarida cewa kaftin ɗin tawagarmu ya wuce shekarun gasar, domin ya san shi tun 2002 a ƙaramar ƙungiyar Sharks ta Fatakwal, kuma a lokacin yaron ya ce shekararsa 18. Amiesimaka ba ɗan kallo ba ne. Yana cikin waɗanda suka ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980, ya karanta lauya a Jami'ar Legas yana buga wa ƙasa wasa, ya kuma riƙe muƙamin babban lauyan gwamnatin Jihar Ribas. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta musanta zargin, wanda haƙƙinta ne. Sai dai mafi yawan surutun da ya biyo baya bai tsaya a kan ko maganar gaskiya ce ko ƙarya ba, ya koma kan cewa mutumin ba shi da kishin ƙasa, don me zai yi magana muna daf da cin kofi.

Mu ma a nan Arewa mun yi irin wannan. A 2018 ɗan jaridar Gana, Anas Aremeyaw Anas, ya fitar da hoton bidiyo da BBC ta nuna, inda aka ga mai horar da 'yan wasan ƙasa, Salisu Yusuf, yana karɓar dala 1,000 daga mutanen da suka yi shigar dillalan 'yan wasa. Shi ya ce kyauta ce, kuma ba ta shafi zaɓen tawagarsa ba. Hukumar NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya tare da tarar dala 5,000. A majalisun da na zauna a lokacin, kaɗan ne suka tattauna ko ya dace mai riƙe da irin wannan amana ya karɓi irin wannan kyauta. Abin da na fi ji shi ne, don namu ne aka yi masa tarko. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Zan faɗi nawa, don kada in zama mai wa'azin da bai duba rigarsa ba. Shekarun baya, a wata makarantar gaba da sakandare da na taɓa koyarwa, an sa ni a kwamitin wasanni na tsangayarmu. Aka kawo mini jerin sunayen 'yan wasa in sa hannu. Akwai suna ɗaya da na sani, amma ranar wasa fuskar da ta amsa sunan ban taɓa ganin ta a aji ba. Na yi shiru, muka ci wasa, na yi tafi da kowa. Bayan mako biyu wani ɗalibina da ya yi wata uku yana fita atisaye da asuba ya zo ofis karɓar takardarsa ta jarrabawa. Na tambaye shi labarin ƙwallo, ya ce, “Malam, na bari. Wurina aka ba ɗan gari.” Bai ƙara komai ba, ni ma ban sami abin cewa ba. Har yau idan na tsaya a gaban aji ina gargaɗi a kan satar amsa, nakan tuna cewa na taɓa sa hannu a kan sojan gona.

Wannan yaro shi ne wanda ake mantawa da shi a duk musun da ake yi. Tun da aka fara wasannin jami'o'in Najeriya na NUGA a Ibadan a 1966, manufar wasannin makarantu ita ce ɗalibi ya kara da ɗalibi. Duk ranar da aka sa magidanci ɗan shekara 25 a cikin 'yan 16, an tauye yaro guda haƙƙinsa, an jefa sauran cikin haɗarin karaya, an kuma koya wa dukan makarantar cewa shugabanninta suna yarda da ƙarya idan za ta kawo kofi.

A nan ne aikin ɗan jarida yake. Na san halin da wakilan wasanni suke ciki a jihohinmu. Da yawansu albashin bai taka kara ya karya ba, wasu ma babu shi, kuɗin mota da na goro daga masu shirya gasa su ne abin dogaro. To amma idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Shi ya sa rahoton wasannin makarantu ya koma jerin sunayen manyan baƙi da yabon wanda ya ba da kofi. Maguɗi ba ya shiga labarai sai ya wuce hankali, kamar na 2013 da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci abokiyar karawarta 67 da nema a rana ɗaya. Wanda bai kai haka ba sai dai a bar wa majalisa da Facebook, inda kowa ke rantsuwa babu mai takarda.

Binciken lamba tara kuwa ba ya buƙatar na'urar MRI. Rajistar aji tana nan, sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce yana nan, 'yan ajinsu suna nan, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fi takardar rantsuwar kotu da aka yi mako ɗaya kafin gasa nauyi. Mai sayen albasa a Aliero ba ya biya sai ya ga abin da ke ƙasan buhu. Wakilin da ya yi wuni ɗaya yana wannan tambaye-tambaye zai iya wanke yaron idan ƙazafi aka yi masa, ko ya tabbatar da zargin, kuma kowanne ya faru ya raba gardama.

Kirana ga masu gidajen jarida da rediyo shi ne su riƙa biya wa wakilansu kuɗin zuwa fili, domin yardar mai sauraro ta fi wannan kuɗi tsada. Masu shirya gasa su liƙa sunayen 'yan wasa da hotunansu da ajinsu mako guda kafin a fara, kowace makaranta ta duba na abokiyar karawarta. Mu malamai kuma kada mu sa hannu a kan sunan da ba mu haɗa shi da fuska ba.

Ga samarin Kuberi da suka nemi in raba musu gardama, har yanzu amsata ita ce a je a dubo rajista. Ina dai roƙon ku, idan aka buɗe ta ɗaya makarantar, ku yarda a buɗe taku a rana ɗaya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.