Makarantar Sistoci Tana da Iyaye, Tamu Marainiya Ce

Akwai wani fuska-biyu da ya daɗe yana yawo a tsakanin 'yan bokonmu. A majalisa, ko a Facebook, mutum zai cika baki yana cewa makarantar mishan tarko ce, duk wanda ya kai ɗansa can ya sayar da shi. Amma da zarar 'yarsa ta isa shiga aji ɗaya, sai ka ji yana tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai wanda ya san wani a St. Louis. Ba mu ga laifinsa ba don ya nema wa 'yarsa karatu mai kyau. Inda muka kama shi da laifi shi ne bai taɓa zama ya tambayi kansa dalilin da ya sa makarantar da yake zagi take iya koya wa yaro karatu, firamaren da ke bayan gidansa kuwa yaro ya kai aji shida yana ta kame-kame a kan sunansa ba.

Daga Wudil zuwa Kano tafiyar ba ta kai awa guda ba, saboda haka misalin ba daga wata uwa duniya muka ɗauko shi ba. Sistocin St. Louis, matan Katolika da suka sadaukar da rayuwarsu ga aikin coci, sun iso Kano daga ƙasar Ayalan a 1948, suka buɗe makaranta. Yau shekara saba'in da 'yan kai ke nan. A tsawon wannan lokaci Turawa sun tafi, an yi juyin mulki, an yi yaƙin basasa, gwamnatoci sun ƙwace makarantun mishan a jihohi da dama a shekarun 1970, an yi rikice-rikicen da suka girgiza Sabon Gari, amma sunan makarantar bai faɗi ba, kuma 'ya'yan Musulmi ba su daina zama a azuzuwanta ba.

Idan aka tayar da zancen, amsar da ake saurin bayarwa ita ce kuɗi. Wai daga Batikan ake turo musu da buhu. Wannan magana ce ta wanda ba ya son ya yi tunani. Makarantun Katolika na Najeriya a yau da kuɗin makaranta suke tafiya, da abin da mabiya suka tara, kuma albashin malamansu ba wani abin a zo a gani ba ne. In da kuɗi ne kaɗai ke gyara makaranta, ai da tamu ta fi kowacce, domin babu cocin da ke Kano da zai iya karawa da kasafin jihar. Wasu kuma su ce ai 'ya'yan masu hali kawai suke ɗauka. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, za mu dawo kansa. Sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa ƙananan makarantun coci na karkara, inda iyayen manoma ne kamar namu, su ma ake samun malami a aji da safe ba.

Abin da suke da shi wanda ba mu da shi a firamaren gwamnati, shi ne makarantar tana da masu ita, kuma masu itan suna zuwa.

A duba yadda aka ɗora tsarin. Makarantar firamare ta Katolika galibi a jikin majami'a take, ko a ƙarƙashin wata ƙungiyar sistoci. Akwai fadan da ke kula da ita, a samansa akwai ofishin ilimi na bishop. Iyayen da yawansu duk Lahadi suna haɗuwa da shugaban makarantar a harabar coci, ido da ido. Malamin da ya yi fashin aiki ranar Talata ya san ranar Lahadi zai zauna benci ɗaya da uwar yaron da ya bari ba darasi. Ana kiran taron iyaye da malamai, kuma rashin zuwa abin kunya ne. Akwai ranar da ake buɗe wa iyaye ƙofa su shigo su duba littattafan 'ya'yansu shafi-shafi a gaban malami. Akwai bikin godiyar kaka da ake yi duk shekara, inda ake kawo doya da kaji da awaki a yi gwanjonsu a zuba kuɗin a ayyukan coci, ciki har da gini. Akwai Zumuntar Mata, wadda kowa a Arewa ya san ta da anko da ganga, amma ba kowa ya lura cewa waɗannan matan su ne idon da ke kan yara ba. Cocin kanta ta rubuta wannan a matsayin aƙida: a babban taronta na Batikan a 1965 ta fitar da takarda a kan ilimi inda ta ce iyaye su ne malamai na farko, makaranta mataimakiyarsu ce.

To, wane Bahaushe ne zai ce wannan baƙon abu ne a wurinsa? Mu da muka tashi muka ga kuɗin Laraba? Uwa ta ƙulle 'yan sulallanta ta ba yaro ya kai wa malam duk mako, ba wanda ya aiko mata da takarda. Idan yaro ya kai wata sura a dafa abinci a kai makaranta sadaka. Idan ya sauke a tara dangi. Uba ya san izun da ɗansa yake, in ya ga allo ya kwana biyu ba a wanke ba zai taka da kansa ya ji dalili. A dubi Islamiyyun unguwanninmu: wani ya ba da fili, wani ya ba da bulo, matasa suka yi gayya suka zuba dakali, kwamiti yana zama bayan Isha'i yana lissafin alawus ɗin malamai. Ranar saukar Alƙur'ani kuwa sai an tare hanya saboda cika. Babu gwamnan da ya ayyana dokar ta-ɓaci kafin a yi wannan.

Ashe ke nan ba iyawa ce babu ba. Mutanen da suka riƙe Islamiyya da haƙoransu su ne dai suka saki firamare, kuma yaron da ke zuwa can da yamma shi ne mai zuwa nan da safe.

Wannan sakin yana da tarihi, kuma ya kamata a faɗe shi don a san inda ciwon ya samo asali. Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan aiki a masarautun Musulmi, shi ya sa majami'u da makarantunsu suka taru a Sabon Gari da garuruwan da ba na Musulmi ba. Bokon da ya zo mana ta hannun hukuma ya zo. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, daga baya En'e ta riƙa buɗe elementare a gundumomi. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, a kawo yara kaza. Kakanninmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura ɗan wanda ba shi da gata a madadin ɗan gida. Makarantar da ta shigo gari kamar haraji, ba mamaki a ɗauke ta kamar haraji. Daga En'e ta koma hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, aka yi UPE a 1976, aka yi dokar UBE a 2004, aka kafa SUBEB. Suna yana sauyawa, amma a zuciyar uba tana nan a matsayin kayan gwamnati, kayan gwamnati kuwa kowa ya san yadda muke yi da shi. Shi kuwa Kirista ɗan Katolika, makarantarsa kakansa ne ya ɗauko mata ƙasa a ka aka gina ta.

Tarihi bayani ne, amma ba zai zama mafaka ba har abada. Hakimin da ke kama yara ya daɗe da rasuwa. Yau uba da ƙafarsa yake kai yaro a rubuta sunansa, sannan ya juya, ba za a sake ganinsa ba sai in an daki yaron ya zo faɗa. Wannan uban fa ba ya rasa ɗaurin aure. Zai shiga mota ya tafi Haɗejiya ko Zariya saboda ɗaurin auren ɗan abokin abokinsa, ya dawo da dare a gajiye yana alfahari da zumunci. A kira shi taron awa ɗaya a makarantar da ɗansa ke wuni, sai ya ce uzuri ya taso.

Gwamnati ma ta taimaka wajen lalata abin, ta hanyar da ba ta yi niyya ba. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ba ma jayayya da ko ɗaya, kuma ba ma cikin masu cewa a mayar wa talaka kuɗin makaranta. Sai dai kalmar "kyauta" ta shiga kunnen mutane da wata fassara: an ɗauke maka kuɗi, saboda haka an ɗauke maka ido. A takarda akwai kwamitin gudanar da makaranta da ake kira SBMC, wanda ya kamata ya haɗa mai unguwa da liman da wakilan mata da masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki a kan waɗannan kwamitoci a Kano da Jigawa da Kaduna. Mai karatu ya gwada wani abu yau: ya tambayi maƙwabcinsa sunan shugaban kwamitin firamaren unguwarsu. Sannan ya tambaye shi sunan mai tsaron gidan Arsenal.

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, muna jin wata sabuwar waƙa a 'yan shekarun nan, wai fasaha ce za ta warware matsalar. A yi manhajar da za ta aika wa uba saƙo idan ɗansa bai zo ba, a sa na'urar dangwala yatsa don kama malamai masu fashi. Duk ana iya yi, ba wani aiki mai wuya ba ne. Amma duk wanda ya taɓa kula da manhaja ya san saƙon gargaɗin da ba mai karantawa daidai yake da babu. Na'ura za ta rubuta cewa malam bai zo ba sau goma sha biyu a wata, lissafin ya kwanta a kwamfuta, ba wanda ya ɗaga gira. Abin da ke sa malami ya zo shi ne sanin cewa akwai mutum mai fuska da suna da zai tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, lafiya kuwa jiya?" Guruf ɗin iyaye na WhatsApp ma, inda aka buɗe shi, kafin wata guda ya koma wurin tura barka da Juma'a da tallan atamfa.

Za a ce mana iyayen karkara ba su yi boko ba, me za su duba? Ba sai ka iya Turanci ba kafin ka ga rufin aji ya yaye. Ba sai kana da digiri ba kafin ka ƙirga yara ka ga sun fi ɗari a ɗaki ɗaya, ko ka lura babu banɗakin da 'yarka za ta shiga, wanda hakan kaɗai ya isa ya zaunar da ita a gida idan ta fara girma. Matar da ke iya gane an tauye mata mudu a kasuwar Wudil ranar Juma'a za ta iya gane littafin da aka yi wata biyu ba a sa masa jan biro ba.

Kada kuma a ɗauka muna wanke makarantun Katolika ne tas. Kuɗinsu a birane ya yi tsadar da talakan cocin kansa, har da 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci na ƙauyukan kudancin Kano, ba ya iya kai ɗansa manyansu, kuma wannan abin kunya ne ga cocin da ke cewa talaka ta zo yi wa hidima. Taron iyaye a wasu wurare ya koma wurin sanar da sabon kuɗin da za a biya. Uba Musulmi da ya damu da irin addu'ar da ɗansa zai ji da safe, damuwarsa halal ce, kuma hakkinsa ne ya tambaya a fili kafin ya sa hannu. Mu dai ba cewa muka yi a kwashi yara a kai wa sistoci ba. Ko an so ma ba za su ɗauke su ba, yaran Kano sun fi ƙarfin azuzuwansu nesa ba kusa ba. Ba kuma cewa muka yi a yi irin ta Anambra ba, inda Peter Obi ya mayar wa coci-coci makarantu sama da dubu a 2011. Can akwai waɗanda aka ƙwace wa, aka mayar musu. Firamaren Wudil ba a hannun kowa aka ƙwace ta ba, babu wanda za a mayar wa sai mutanen unguwar da take ciki.

Kuma Wudil ta fi garuruwa da yawa rashin uzuri. Garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Malaman jami'a, injiniyoyi, ɗalibai dubbai, duk suna wucewa ta gaban firamare safe da yamma. Da yawansu a irin wannan firamaren suka fara, a ƙasa suka zauna. Sun kwashe nasu 'ya'yan sun kai makarantun kuɗi, wanda hakkinsu ne, amma da suka tafi sun tafi da bakin da hedimasta da sakataren ilimi ke jin nauyinsa. Aka bar masunci da ɗan dako da mai tura ruwa su yi magana da ofishin da ko kujera ba za a ba su ba. Ɗan bokon da ke rubuta dogon sharhi a kan lalacewar ilimin Arewa daga ofis mai sanyi, muna so ya gaya mana ranar ƙarshe da ya taka firamaren da ta yaye shi.

Abin da muke nema ba ya bukatar kasafi. Limaman Juma'a su sanar da ranar taron iyaye daga kan mumbari kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure da jana'iza. A daina sa taron da hantsi lokacin da kowa ke wurin nema, a mayar da shi bayan La'asar, kuma kada a sa shi ranar kasuwa. A ware wa mata nasu zaman, ko a gidan mai unguwa ne, tunda su ne suka san yaron da ya fita da yunwa da wanda ya dawo tun kafin tara. A manna sunayen malamai da na 'yan kwamiti a bangon makaranta inda mai wucewa zai gani, tare da duk kuɗin da ya shigo da abin da aka yi da shi. Kwamitin Islamiyyar unguwa, wanda ya riga ya iya tara kuɗi da riƙe malamai, ya ɗauki firamaren da ke kusa da shi, ya riƙa tura mutum biyu duk Litinin da ƙarfe takwas su tsaya a bakin ƙofa su gaisa da malamai, su ga wanda ya zo.