Takarda guda ta ci wa lokotoro shekara guda

Bara wani abokina, lokotoro ne da ke aiki a karkarar Dungas, ya kira ni da dare, muryarsa a dishe. Ya so ya tafi karatun ƙwarewa a fannin lafiyar yara, wanda likitoci ke kira DES. Dosiyensa ya cika: difloma, takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, komai. Abu guda ya rage, wasiƙar shaida daga wani babban malaminsa. Ya roƙa tun da wuri, ya kira, ya tura saƙo ta WhatsApp, ya aika ɗan'uwa har ofis. Kullum amsa guda: "Ka dawo gobe." Wasiƙar ta fito bayan an rufe karɓar takardu. Sai baɗi.

Wani zai ce ai shekara guda ce, mene ne a ciki? To ku tsaya mu duba inda abin ya faru.

Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, suna cikin wurare mafi cunkoson jama'a a jahar Damagaram. Kowace damina masassarar cizon sauro da tamowa suna haɗuwa su auka wa yara ƙanana. Tun 2005 ƙungiyar MSF ke aiki a Magarya, kuma a damina yara ɗaruruwa ake kwantarwa a asibitin garin lokaci guda. A 2018 ƙungiyar ta bayyana cewa akwai watan da kimanin yara 10 ke rasuwa a wurin kowace rana. A irin wannan wuri, likitan yara guda ba ƙaramin abu ba ne. Karatun kansa shekara 4 yake ɗauka, bayan shekarun da aka riga aka kashe a jami'a. In an ƙara shekara guda a kai, damina guda ce aka ƙara wa uwayen da ke jira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wa jinkirin ke kayarwa? Wanda ke Yamai kullum yana ganin malaminsa, zai tare shi a bakin ofis har ya sa hannu. Wanda ke Dungas fa? Sai ya zo Zinder, daga nan ya kama hanyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ya bar marasa lafiya ba mai duba su. Wanda ya yarda ya zauna a ƙauye, shi ne tsarin ke hukuntawa. Gobe kuma mu zo muna tambaya don me matasan likitoci ke gudun karkara.

Ban ce malaman mugaye ba ne. Su kaɗan ne, ga tiyata, ga koyarwa, ga taro. Amma laifin da ba na ɗalibi ba bai kamata ya faɗa a kansa ba.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi. Jami'o'inmu da ofishin ministan kiwon lafiya su karɓi dosiyen da ya cika a ranar da aka tsaida, a ba wasiƙar shaida ƴan kwanaki ta biyo baya. A bar malami ya aika ta kai tsaye ta imel. Malamin da ba shi da lokaci ya faɗa tun farko, yaro ya nemi wani. "A'a" da wuri ta fi "gobe" sau goma.

Ku kuma ƙannena masu shirin nema, kada ku jira sanarwa ta fito. Ku roƙa tun da watanni, ku nemi malamai fiye da adadin da ake buƙata, ku haɗa masu tarihin aikinku don rubutun ya zo masu da sauƙi, ku faɗi ranar rufewa a rubuce.

Abokina yana nan a Dungas, yana duba yara. Bana ya fara neman wasiƙarsa tun kafin ruwan farko ya sauka.