Shugaban Hamsin Na Uku

A makarantar Lahadi mun haddace labarin Dawuda da Goliyat, mun san Joshuwa da Gidiyon. Amma yaushe rabon da mu ji wa'azi a kan ƙananan shugabannin yaƙi na Isra'ila, waɗanda aka ɗora a kan mutum dubu, ko ɗari, ko hamsin? A ganina mun yi sakaci da su, alhali matsayinsu ya fi kama da na yawancinmu. Dattijon ikilisiya yana da na sama da shi, yana kuma da waɗanda aka ba shi amanarsu.

Ku buɗe 2 Sarakuna sura 1. Sarki Ahaziya ya faɗo daga bene a Samariya, ya aika a tambayi gunkin Ekron ko zai warke. Annabi Iliya ya tare manzannin, ya ce sarki ba zai tashi ba. Sai sarki ya aiki shugaban sojoji da mutum 50 su kawo annabin. Ya je ya ba da umarni da gadarar fada, wuta ta sauko daga sama ta cinye su. Na biyu ya ƙara da cewa a yi sauri, shi ma haka. Mutum 102 ke nan. Na uku ya hau tudun, ya durƙusa, ya roƙa a bar ransa da na mutanensa 50. Ba a rubuta sunansa ba, amma shi kaɗai ya komo da Iliya, da dukan mutanensa a raye.

Na sha jin ana cewa tsoro ne kawai ya sa shi durƙusawa. Ko da tsoro ne, ai ya ji tsoron wanda ya kamata. Bai gudu ba, bai kuma ƙi aiken sarki ba. Ya dai tuna cewa waɗannan hamsin ɗin suna da iyali a gida.

Ku gwada shi da Yowab a 2 Sama'ila 11. Wasiƙa ta zo masa daga Dawuda a hannun Uriya Bahitte, cewa a sa shi Uriya ɗin inda yaƙi ya fi zafi a Rabba don ya mutu. Yowab bai tambayi dalili ba. Abin da mukan tsallake shi ne, ba Uriya kaɗai ya mutu ba, waɗansu sojojin Dawuda sun faɗi tare da shi don a rufe asirin fada. Akwai kuma abin lura a sura 23: jerin jarumawa 37 ya ƙare da sunan Uriya, har Naharai mai ɗaukar wa Yowab makamai yana ciki, amma ba a ba Yowab kansa gurbi ba.

Wani dattijo zai ce runduna ba ta tsayawa sai da biyayya. Gaskiya ne, ban kuwa ce kowa ya yi gaban kansa ba. Ittayi mutumin Gat, baƙo ne da ya zo da mutum 600, ya bi Dawuda gudun hijira lokacin tawayen Absalom ko da yake sarki ya ba shi izinin komawa, daga baya aka ba shi sulusin rundunar. Amma Littafi Mai Tsarki ɗin nan ya rubuta cewa masu tsaron Saul sun ƙi taɓa firistocin Nob, sai Doyeg mutumin Edom ya karɓi aikin, ya kashe 85. Wani soja kuma ya ga Absalom a rataye a itacen oak, Yowab ya ce da ya kashe shi, da ya ba shi azurfa 10 da ɗamara. Sojan ya amsa cewa ko dubu aka ba shi ba zai yi ba, ya kuma faɗa wa Yowab a gaban idonsa cewa in magana ta kai kunnen sarki, shi Yowab zai zame ya bar shi.

Roƙona ga fastocinmu da dattawa shi ne, sa'ad da za a tsara nazarin Littafi Mai Tsarki na watanni masu zuwa, a ware wa waɗannan mutane ko mako huɗu ne. A fara da 2 Sarakuna 1, a kuma tabbata sababbin dattawa da shugabannin matasa suna wurin.