Zoben da maƙeri ya mayar mana

 

Ran zubinmu da ya wuce, bayan an rufe akwatin asusu, wata daga cikinmu ta kwance bakin zanenta ta fiddo zobe. Na ɗiyarta ne. Yaron da zai aure ta yana bida a Abijan, shi ya aiko da shi bayan an kai goron sa rana. Zobe ne mai kyau, launin toka-toka, yana ƙyalli, ga shi ba nauyi kamar ba ƙarfe ba. Sai dai ya yi wa yarinya kaɗan, a gaɓar yatsa yake tsayawa. Uwar ta kai shi wurin maƙerin farfaru a kasuwa don a buɗa shi. Maƙeri ya juya shi, ya ɗan goga, ya miƙo mata abinta ya ce: "Hajiya, wanga ba aikin wutata ba ne." Ta ce to ya saya. Ya yi dariya.

Shi ya sa munka bi diddigin abin, ga kuma abin da munka samo.

Sunan ƙarfen titaniyom. Ƙarfe ne na gaske, da shi ake ƙera sassan jirgin sama, da shi kuma likitoci ke ɗaure ƙashin da ya karye a cikin jiki. Ba ya tsatsa, ba ya baƙi, kuma da wuya ya sa ƙaiƙayi irin na ƴan kunnen araha da ke kumbura mana kunne. Mu da ke yini cikin albasa a Madawa mun san yadda take baƙanta azurfa. Shi wannan ko a jikinsa. Wanki, wanke-wanke, zufar bazara, duk ba ruwansa. Ta nan dai ba mu da abin kushewa.

Amma azurfa tana narkewa a zafin digiri 962, zinariya a 1064, shi kuwa sai an kai 1668. Gawayi da zugazugin maƙeranmu ba su kai nan, ba kuma ya karɓar liƙi irin nasu. Ke nan yadda ya zo haka zai zauna. Ba a buɗa shi, ba a rage shi, ba a narka shi a mai da shi ƴan kunne ko awarwaro.

Nan ne maganar ta shafe mu mu ƴan asusu. Tun da anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da muke koya wa juna shi ne bambanta abin da ke cin kuɗi da abin da ke riƙe kuɗi. Iyayenmu mata ba su yi lakwal ba, amma sun san wannan sarai. Azurfar da ke wuyansu da hannunsu rumbu ce ta biyu. In damana ta yi gardama, ko yaro ya kwanta ciwo cikin dare, sai a cire ta, a ɗora a ma'auni, a dawo da hatsi ko magani. Tun 2014 da mazanmu sunka fara tafiya haƙar zinariya Jado, kowa ya ƙara sanin cewa ita giram-giram ake sayenta, ko ta karye kuɗinta na nan. Titaniyom ba mai auna miki shi. Ranar da kika fita da shi daga shago, ranar kuɗin ya tafi. Don haka in wata ta zo neman rance a ƙungiya don ta saya wa ɗanta irinsa ya kai gidan surukai, mu dai a wurinmu za mu ce mata ta sake tunani. Rance da ribarsa wata-wata, a kan abin da ba ya ko haihuwa kamar akuya? A'a.

Ba muna cewa kada a saya ba. Zoben baiko dai ba mu gaje shi ba, mu da goro da kuɗin gaisuwa da sadaki anka aurar da mu. Yara sun gan shi a fina-finai da waya, suna so, kuma ba laifi ba ne. In saurayi ya saya da kuɗin guminsa don ado, madalla. Amma kada a lissafa shi cikin dukiyar yarinya, kada kuma a rage mata wani abu a akwatin aure a ce ai ga zobe.

In za a saya, awo ne farko. A ɗauki zoben da ya zauna mata daidai a wannan yatsar, a auna faɗin cikinsa da abin awon ƴan lakwal, a aika wa yaron milimita nawa ne. Da yamma ake gwadawa, lokacin da hannu ya ɗan kumbura da zafi, ba da sanyin asuba ba. Mai faɗi ya fi matsewa, shi a ɗan ƙara masa. Sannan a ji nauyinsa a tafin hannu: azurfa mai girmansa ta ninka shi har da ɗori. In mai tebur ya rantse titaniyom ne amma kin ji shi da nauyi, galibi ƙarfen cokali ne anka sa wa suna. Mai ruwan zinariya ko baƙi wul, launin a sama yake, taɓarya da igiyar guga za su cinye shi. Gara mai launinsa na asali. Azurfar kirki kuwa sau da yawa za ki ga an buga 925 a cikinta, zinariya 750 ko 875.

Kula da shi ba wuya: ruwan ɗumi, sabulu, tsumma mai laushi. Kada a goge shi da toka ko yashi yadda muke yi wa tukwane, zai yi zane. A cire shi in za a yi daka ko kwaɓin fura, don datti na maƙalewa ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne ciki. Amarya ta samu juna biyu, yatsu sun fara kumbura, ita kuwa tana jin kunyar cire zoben miji. Ku uwaye ku sa ta cire tun watannin farko. Azurfa in ta maƙale, nan take maƙeri ke datse ta. Wannan yanke shi sai da kayan aiki masu ƙarfi, kuma ba kowane ƙauye ne ke da su ba, daga Tamaske har Karofan. In ya riga ya maƙale, a ɗaga hannun sama, a tsoma cikin ruwan randa mai sanyi, a shafa sabulu ko man gyaɗa, a murza a hankali. In yatsa ta fara canja launi ko ta mutu, a bar dabara a nufi likita a ranar.

Ita dai ɗiyar ƴar uwarmu ta zura nata a zare ta rataya a wuya, wai har angon ya dawo. Uwar kuma ta ce in an yi rabon asusu bayan kaka, za ta kai ta wurin maƙerin nan ya auna yatsar da kansa, ya ƙera mata na azurfa.